Anti Tafireta da Ƙusar da Ta Zama Reshe

Auta tana ƙaramar 'yar firamare ta fara jin sunan. Baba ne ya dawo daga ofishin da ya yi wa tuƙi har ya tsufa, ya jefa wata takarda a kan tabarma, ya ce wai sai ya rubuto koke kafin a duba maganar fanshonsa. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga kan keken ɗinki ba, ta ce ai sai a aika a kira Tafireta ta zo ta buga masa. Auta ta taɓa ganin tafireta a ofishin hedimasta, wani baƙin ƙarfe mai haƙora, don haka ta je ta tsuguna a bakin ƙofa tana jiran ta ga yadda ƙarfe zai tako da ƙafarsa. Sai ga wata gajeriyar mace mai faffaɗan tabarau, da akwati a ka, muryarta ta riga ta shigowa tun daga lungu. Ta sauke akwatin, ta dubi yarinyar da ta saki baki, ta ce ita ce Tafireta, wannan ta cikin akwati kuwa 'yar aikinta ce.

Ita da Inna 'ya'yan ya da ƙanwa ne. Inna takan yanke sunan ta ce mata Tafi, kuma a dangi kaf ita kaɗai ce ake ce wa Tafi ta taho.

Mahaifin Tafireta masinja ne, shi ya roƙa mata wata tsohuwar na'ura da ofishinsu ya yar. A kanta ta koyi bugu, tun tana yi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsaga har hannunta ya zama ba a ganinsa. Ta kafa tebur da laima a gindin wata bishiya, daura da jerin ofisoshin gwamnati, ta yi shekara da shekaru tana buga wa mutane koke, da takardar neman aiki, da yarjejeniyar haya. A nan ta kamu da son manyan kalmomi, domin wanda ya kawo kukansa, idan ta buga masa shi a sauƙaƙe, sai ya juya takardar ya ce an cuce shi. Sai ta sa masa "mai girma" da "bisa la'akari da" ya tafi yana murna. Da wannan tebur ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Da kwamfuta ta zo, layin da ke gabanta ya koma shagon wasu samari masu fanka da labule, ta naɗe laimarta ta koma gida. Mutane suka ce Tafireta ta ƙare.

Ashe tana ɗaki tana koyon waya. Har yau idan tana rubutu a waya dukan gilashin take yi kamar yana mata gardama, kuma idan ta kai ƙarshen layi sai ka ga hannun hagunta ya zabura ya ture iska, yana neman sandar mayar da layi ta tafireta, wadda babu ita. Ta lura matan unguwa kowace da sana'arta a cikin gida, mai sabulu, mai zanen gado, mai turare, amma idan sun sa kayan a intanet ba su san abin da za su ce ba. Ita kuwa magana ce jarinta. Haka ta zama mai rubuta wa matan cikin gida talla, kuma sunan bai canza ba.

Sana'ar Inna jakar makaranta ce. Da tamfol take ɗinka ta, ta ninka gindin, ta bi hannun da ɗinki sau da yawa, har yara suna cewa ko jaki ya ja ba za ta tsinke ba. Keken yana ɗakinta, tsakanin gado da kwaba, idan za a buɗe kwabar sai Inna ta tashi. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke sa zif a gidanta, saboda ta fi kowa haƙurin wannan aiki. Mijin yayar Auta kuma, wanda kowa ke kira Mai Aski, ya buga ƙusa a bangon shagonsa yana rataye 'yan jakunkuna, ko wani uba zai gani yana zaune a kujera.

Baba bai taɓa son abin ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana buɗe wa manya ƙofar mota, ya ga yadda takarda ɗaya take hana mutum barci, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne hukuma ba ta taɓa sallama a ƙofar gidansa ba. Tun ranar da aka shigo da keken ya faɗa wa Inna, a gaban 'ya'yanta, cewa duk ranar da wani mai takarda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda wannan keke, ranar keken zai fita. Inna ta san shi, ba ya maimaita magana kuma ba ya janye ta. Keken nan kuwa shi ne abin da ta mallaka da sunanta. Da shi ta biya wa Auta kuɗin jarrabawa, a kansa take waƙe-waƙenta idan ta zaci ba mai ji.

Da Auta ta gama sakandare ta buɗe wa Inna shafi a intanet. Ta ɗauki hoton jaka a kan gado, ta rubuta a ƙasa, "Jaka ta sayarwa." Mako ya zagayo, mutum ɗaya ne ya yaba, shi ma Mai Aski ne.

Anti Tafireta ta ga shafin, ta taso da sassafe ko karyawa ba ta yi ba. Ta ce wa Auta wannan ba talla ba ce, sanarwar rasuwa ce. Ta sa aka fito da jakar tsakar gida inda hasken safe yake, aka cika ta da littattafai don ta miƙe, aka goya wa ɗan maƙwabta ita aka ɗauke shi ta baya. Ta ce a rubuta kuɗin a fili, domin mace mai 'ya'ya ba ta da lokacin tambayar nawa ne ta zauna jiran amsa. Ta ce duk wanda ya yi magana a amsa masa kafin wayarsa ta koma aljihu. Ta kuma juya kan Inna, ta ce daga yau kuɗin jaka daban, kuɗin cefane daban, rasit ɗin tamfol da na zif kuma a daina kunna risho da su, a samo gwangwanin biskit a riƙa zubawa. Ta ce mako mai zuwa za ta kai ta ofishin haraji a yi mata rajistar ƙaramar sana'a, tun ba a zo nemanta ba. Inna ta ce to.

Sannan ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta fara duka. Layin farko da ta buga, har yau Auta tana jin daɗinsa: "Jakar da wa zai gama makaranta da ita ya miƙa wa ƙane." Da ta tsaya nan da shi ke nan. Amma hannu ya riga ya yi zafi, tsohuwar ɗabi'ar gindin bishiya ta motsa. Ta tambayi ina da ina ake aikin jakar, aka faɗa mata. Ta ture iska da hannun hagu, ta ƙara: "Kamfanin Jakar Ɗalibi. Hedkwata da rassa biyu. Ƙwararrun ma'aikatanmu suna jiran odarku." A ƙasa ta sa kwatancen gida tiryan-tiryan.

Inna ta ce, "Tafi, ina muka ga reshe?"

"Gidan Gwaggo fa? Shagon surukinki fa? Ni ban ƙirƙiri komai ba, Hajiya Darakta, suna kawai na raɗa musu."

Abin da ya biyo baya, gidan bai taɓa ganin irinsa ba. Wayar Auta ta riƙa ƙara har ta yi zafi a hannu. Lokacin komawa makaranta ya gabato, iyaye suna turo hoton tallar wa junansu, wannan tana son shuɗiya, waccan tana son mai aljihun gora. Keken Inna ya riƙa gudu tun safe, tamfol ya cika gado, Gwaggo ta aiko a faɗa musu yatsunta sun fara magana. Mai Aski ya ce yanzu har masu sanƙo suna shigowa shagonsa. Anti kuwa kullum tana gidan, tana zaune a kan buhun yanke-yanke, tana karanta saƙonni da ƙarfi kamar mai karanta labarai, tana kiran Auta sakatariyar kamfani. Inna ta riƙa dariya har tana kuskuren ɗinki. A cikin wannan ɗoki maganar mako mai zuwa ta bi ruwa, ba wanda ya sake tuna ofishin haraji, har ita mai shawarar.

Wata safiya Baba yana zaune a ƙofar gida yana sauraron rediyo, wani mutum mai fararen kaya da jakar takardu ya sauka daga babur ya yi sallama. Ya ce daga ofishin haraji yake, yana neman shugabar Kamfanin Jakar Ɗalibi. Sun ga talla, sun duba ba su ga kamfanin a rajista ba, an turo shi ya ga hedkwata da rassa biyu don a san abin da za a yanka musu. Maƙwabta biyu da ke kan benci suka daina hira.

Baba ya kashe rediyo. Ya ba mutumin kujera, ya shiga gida a hankali, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mai takarda ya zo, kuma kafin rana ta faɗi keken zai fita. Ƙafar Inna ta tsaya a kan feda, allura tana cikin tamfol. Ta ɗora tafin hannunta a kan keken kamar mai taɓa goshin yaro marar lafiya. Auta ta zari mayafi ta fita da gudu zuwa gidan Anti.

Ta zaci za ta ga Anti ta rikice. Anti ta saurara, ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Ni na haifi rassan nan, ni zan je in yi musu bayani." Ta taho tana sauri har Auta tana binta da ƙyar, tana faɗa a hanya cewa ta yi shekaru tana kallon masu haraji suna sayen ruwa a gefen teburinta, mutane ne, sai dai ba sa son a ɓoye musu abu.

Ta gaishe da mutumin, ta gaishe da Baba da ya kau da kai, ta ce ranka ya daɗe ba za ta yi masa dogon turanci ba, ya taso ya ga kamfanin da idonsa. Aka shiga da shi ɗakin Inna. Ya dubi gado, ya dubi kwaba, ya dubi keken da aka matse a tsakani, ya tambaya ina hedkwatar. Anti ta ce a cikinta yake tsaye, ya yi hankali kada ya taka almakashin kamfani. Ya tambayi ƙwararrun ma'aikata, ta nuna Inna, ta ce ga su nan gaba ɗayansu. Mutumin ya rubuta wani abu, gefen bakinsa yana rawa.

Daga nan aka ɗunguma zuwa reshe na farko, Anti a gaba, mai haraji yana tura babur, Inna da Auta a baya. Baba ya ce shi ba inda za shi, amma da Auta ta waiwaya ta hango shi yana biye daga nesa, hannu a baya, maƙwabtan nan biyu suna take masa baya. Suka tarar da Gwaggo a kan tabarma da gwangwanin zif a gabanta. Da aka ce mata ga mai haraji ya zo ganin reshe, ta ce bishiyar gidan ai tun bara aka sare ta.

Reshe na biyu shi ya ƙarasa mutumin. Mai Aski yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski, rabin kai fes, rabi da gashi, sai ga jama'a sun cika masa shago. Mai haraji ya duba ko'ina, madubi, kujera, kwalaben man gashi, ya ce ina reshen? Anti ta miƙa hannu ta nuna bango. Ƙusa ce guda, ta ɗan lanƙwashe, da jaka shuɗiya a rataye.

"Wannan ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Ga manajanta nan riƙe da injin aski."

Mai Aski ya ce shi wallahi bai san an ƙara masa girma ba, kuma idan akwai albashi yana bin bashin wata guda. Dattijon da ke kujera ya ce a gama masa kansa tukuna kafin a rufe reshen. Mai haraji ya nemi benci ya zauna, ya yi dariya har ya cire hula yana fifita da ita.

Da ya natsa ya yi musu magana ta gaskiya. Ya ce dariya daban, aiki daban. Wannan ba kamfani ba ne, zai rubuta haka, amma sana'a ce, kuma mai sana'a ko a ɗaki take ya kamata a san da ita, ta biya daidai ƙarfinta. Inna ta zo ofis da kanta a yi mata rajistar da ta dace da ita, ta taho da rasit ɗin kayan da take saye in tana da su. Inna ta ce suna cikin gwangwanin biskit. Ya ce to ta fi wasu masu manyan shaguna. Kalmar kamfani da rassa kuma a cire su yau, domin abin da mutum ya rubuta da hannunsa shi ofis yake karantawa. Anti ta ce ta ji, kuma laifin nata ne ita kaɗai, ita ta ce za ta kai ta rajista ta manta, ita ta kuma hura ƙusa ta zama reshe. Ta faɗi haka tana kallon Baba, wanda ya tsaya a bakin shago.

Mutumin ya tashi zai tafi, sai ya tsaya ya shafa jakar da ke jikin ƙusa, ya ja hannunta da ƙarfi, ya ce 'yarsa ta kashe jaka biyu a zango ɗaya. Inna ta yi wuf ta sauko da ita ta ce ya kai wa yarinya kyauta. Kafin Anti ta buɗe baki, muryar Baba ta fito daga ƙofa.

"A'a. Ya biya, a rubuta masa rasit."

Mai haraji ya juya ya dubi Baba, ya ce Baba ya yi gaskiya, da ma ba zai karɓa ba, kuma da kowane gida yana da dattijo irinsa da aikinsu ya yi sauƙi. Ya faɗi haka a gaban maƙwabtan nan biyu. Auta ta yage takarda daga littafin Mai Aski ta rubuta rasit.

Duk da haka ba wanda ya yi murna a hanyar komawa, domin rana ba ta faɗi ba tukuna kuma maganar Baba tana nan. Da la'asar ya kira Mai Aski da wani maƙwabci, ya ce su ɗauko keken. Inna ta tsaya a tsakar gida ta naɗe hannu, Anti a gefenta. Aka fito da keken daga ɗaki, aka bi da shi ta tsakar gida, aka nufi ƙofa. A nan Baba ya ciro mabuɗi ya buɗe ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gida, wanda tagarsa ke kallon titi, inda yake ajiye tsofaffin tayoyi da jak da kujerar hutawarsa, ɗakin da ko shara ba ya bari a shiga yi. Ashe tun da rana ya kwashe tayoyin.

"Na ce zai fita, ga shi ya fita," in ji shi. "Mai takarda in ya sake zuwa, ya tsaya nan, ba sai ya shiga ɗakin matata ba."

Inna ta zauna a kan kujerar keken ta rufe fuska da mayafi. Anti ta leƙa ɗakin, ta ce to yanzu hedkwata ta samu taga. Baba ya nuna ta da yatsa ya ce idan ya sake jin kalmar nan, ita ce za ta fita.

Washegari Anti ta raka Inna ofishin haraji, Auta na biye. Suka wuce ta gindin bishiyar da ta yi zamani, yanzu mai gyaran waya ne a wurin, ta tsaya ta nuna wa Auta ramin da ƙafar laimarta ta bari. Takardar rajistar da aka ba Inna, Baba da kansa ya kai aka sa mata gilashi, ya rataye ta saitin taga. Anti ta goge tsohuwar talla ta buga sabuwa, ta bar layin wa da ƙane, ta ƙara: "Mace ɗaya ce da keke ɗaya. Idan ta ce Laraba, Laraba ce. Idan hannun jaka ya tsinke, kun san gidan." Wata makaranta da ta so yin babbar oda ta janye, ta ce ita da kamfani take hulɗa, kuma Anti ta yi kwanaki tana jin zafin wannan. Amma iyaye mata suka ci gaba da zuwa, suna leƙo ta taga suna cewa ashe ke ce mace ɗayar.

Tun daga nan, duk matar da ta kawo mata talla, Anti takan tambaye ta ko abin da za a rubuta za ta iya nuna wa wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba wai ta warke ba ne gaba ɗaya. Kwanan baya Auta ta kama ta tana shirin kiran ɗakin mai sabulun bayan layi "cibiyar sabulu", Auta ta yi tari, Anti ta goge tana gunaguni cewa an hana ta sakewa.

Ranar ce ta ga Auta tana rubuce-rubucen labaran gida, na kakanni da na wa ya auri wa. Ta leƙa, ta tambaya ko ita ma tana ciki. Auta ta ce tana nan tafe. Anti ta shafa akwatin tsohuwar na'urarta da ke gefen gado.

"To idan kin zo kaina, sakatariya, ki rubuta tebur ɗaya da laima ɗaya, da wannan 'yar aikin tawa. Maganar ƙusa ma ki sa, kada ki rufa mini asiri. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki yi mini reshe."